Ƙira Ko Zubi? Shawara Ga Wanda Hannunsa Ya Soma Faɗawa A Wasan Golf

Wasan golf, wanda wasu masu watsa labarai suke kira ƙwallon lambu, ya haura shekara ɗari a ƙasar nan, amma har yau in aka ambace shi a zauren ɗalibai sai ka ga ana taɓe baki, ana cewa ai wannan wasan Turawa ne da manyan ma'aikata masu tumbi. Maganar tana da tushe. Turawan haƙar kuza ne suka buɗe filin Rayfield a Jos cikin 1913, na Kaduna kuma ya biyo baya a 1921, ɗan ƙasa kuwa a wancan lokaci rabonsa bai wuce ɗaukar jaka da neman ƙwallo cikin ciyawa ba. To, amma zamani riga ne. A yau yaron da aka haifa a Banga, ko Zurmi, ko Shinkafi, ya yi karatunsa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko a wata jami'a, aiki yakan kai shi Kaduna, ko Zariya, ko Kano, ko Abuja, wata rana abokin aiki ya ja shi fili, ya gwada bugu ɗaya biyu, wasan ya shiga ransa. Da irin wannan ɗan'uwa nake magana, da kuma ɗaliban da za su tarar da shi can gobe.

Abin da yakan faru shi ne, mutum yakan soma da sandunan aro, ko tsofaffin da wani ya gaji da su. Bayan shekara ɗaya ko biyu hannunsa ya soma faɗawa, ƙwallo ta fara zuwa inda ya nufa, sai masu ba da shawara su yi masa caa, kowa yana cewa lokaci ya yi da zai sayi sandunan ƙarfe na ƙira, irin na gwanaye, ya rabu da na zubi, na 'yan koyo. Ra'ayina a kan wannan batu gajere ne: kalmar ƙira da aka buga a jikin sanda ba ta gyara bugun kowa, kuma wanda zai sayi ƙirarrun sanduna ya kamata ya zaɓe su yadda manomin garinsu yake zaɓen galma a maƙera, watau daidai hannunsa, daidai ƙasar da zai sara, daidai kuma aljihunsa. Duk wanda ya tsallake ɗaya daga cikin ukun nan ya sayi ado ne, ya bar kayan aiki a kanti.

Mu fara da ma'anar kalmomin biyu, gama a nan ne mai talla yake rikita mai saye, alhali kuwa Bahaushe ya fi kowa sanin bambancinsu. Tun kaka da kakanni muna da maƙeran baƙi da maƙeran fari. Maƙerin baƙi yakan sa ƙarfe a wuta, yaro yana zuga, in ya yi jajir ya cafko shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta duka da masaba har ya zama fartanya, ko lauje, ko gatari. Maƙerin fari kuwa, mai aikin azurfa da tagulla, sau da yawa narkar da ƙarfensa yake yi ya zama ruwa, ya zuba a mazubi, in ya huce ya fito da munduwa ko zobe. Na farko ƙira, na biyu zubi. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ƙarfen waje da tarkacen injuna suka yawaita, aka bar narkar da tama a hankali, amma har yanzu maƙerin ƙauye da ya ɗauki guntun sifirin mota ya ƙwanƙwasa zai gaya maka ko mai tauri ne ko mai laushi, da abin da ya dace a yi da shi.

Haka abin yake a sandar golf. A Sikotilan, inda wasan ya yi jijiya, maƙeran gari ne suka riƙa ƙera kawunan sandunan ƙarfe da hannu, har wasu suka yi suna a kai, kamar Tom Stewart na St Andrews. A Japan ma sana'ar ta kafu ne a yankin Himeji, inda aka gaji aikin ƙarfe, can ne kuma maƙerar Miura take, kamfanin Mizuno kuwa a Hiroshima ake ƙera masa nasa. A yau inji ne yake dukan. Akan yanko guntun ƙarfe mai laushi, wanda sinadarin gawayin da ke cikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kashi ɗaya bisa ɗari ba, shi ne ake wa lamba 1020 ko 1025, a gasa shi ya haura digiri 1,000, kana a danne shi da ƙatuwar guduma tsakanin ƙarafa biyu da aka sassaƙa siffar kan sandar a jikinsu. Daga nan a goge, a tsaga layukan fuska, a shafe da ƙarfe mai ƙyalli don maganin tsatsa. Na zubi kuwa da kaki ake fara yin siffarsa, a lulluɓe da wani irin yumɓu, a narkar da kakin ya zube, a ɗura narkakken ƙarfen da ba ya tsatsa a gurbinsa, kusan dabarar da masu aikin tagulla na Ife da Bini suka yi amfani da ita ɗaruruwan shekaru da suka shige.

Dalilin da ya sa zubi ya samu karɓuwa shi ne ya ba da damar sauya siffar kan sanda cikin sauƙi da araha. Wani injiniya ɗan asalin Norwe mazaunin Amurka, Karsten Solheim, mai kamfanin Ping, shi ne ya yayata dabarar rarake bayan kan sanda a mai da nauyin zuwa gefe-gefe. Amfanin haka shi ne, in ƙwallo ta kuskure tsakiyar fuska ta bugi gefe, kan sandar ba ya murɗewa ƙwarai, sai ƙwallon ta tafi kusa da inda aka nufa, ba ta rasa nisa mai yawa ba. Samfurinsa mai suna Ping Eye 2, wanda ya fito a 1982, ya cika filayen duniya, kuma da irinsa Mark Calcavecchia ya ci babbar gasar Birtaniya a 1989. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa zubi na 'yan koyo ne.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya lura, domin nan ne gindin maganar. Yafiyar sanda, watau yadda take rufa wa mai bugu asiri in ya kuskure, daga siffarta take fitowa. Akwai mai cikakken baya, siririya kamar ruwan wuƙa, wadda wurin daɗin bugunta ɗan ƙanƙane ne, ba ta kuma yafe kuskure ko kaɗan. Akwai mai kwarmin baya, wadda take da faɗin zuciya. Dukansu biyu ana iya ƙera su, domin injunan yanzu suna fitar da ƙirarriyar sanda mai kwarmin baya ba tare da wahala ba, har gwanayen da suke cin abinci da wasan da yawansu irin wannan suke riƙewa. Bugu da ƙari, wasu sandunan da ake buga wa tambarin ƙira haɗe-haɗe ne, fuska kaɗai ko wuya kaɗai aka ƙera, saura kuwa an liƙa. Saboda haka tambayar ko ƙira ce ko zubi tana bayan tambayar wace siffa ce.

Ban ce ƙira ba ta da fifiko ba. Tana da biyu waɗanda ba a musu. Na farko, laushin ƙarfen yana ba mai gyara damar lanƙwasa wuyan sanda da digiri biyu ko uku, a daidaita ta da tsawon mai ita da yanayin tsayuwarsa, a kuma sake daidaitawa in bugunsa ya sauya, abin da yake da wuya a ƙarfen zubi mai tauri, wanda yakan iya tsagewa. Ga wanda hannunsa yake kan faɗawa, wannan babbar riba ce. Na biyu, mafi yawan 'yan wasa suna jin taushi da wata ƙara mai daɗi in ƙwallo ta zauna a tsakiyar fuska, in kuwa ta kauce tafin hannu yakan ba da labari nan take. Wannan shi ne abin da mai saye yake biya wa kuɗi, kuma ya kamata ya san iyakarsa ke nan.

To, yaya manomi yake yi in ya je maƙera? Ba ya cewa a ba shi irin galmar Sarkin Noma. Yakan ɗaga, ya ji nauyinta, ya duba tsawon ƙota da doronta, ya gwada sara a ƙasa, domin ya san in ta fi ƙarfinsa kafin azahar bayansa ya ƙage, in kuwa ta yi masa sakayau ba za ta tada kunya ba. Haka ya kamata ɗan wasa ya fara da auna hannunsa, kuma akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Ya shafa alli ko hoda a fuskar sanda mai lamba 7, ya buga ƙwallo goma, yana duba tabon kowace. In tabon ya taru wuri guda a tsakiya, hannu ya nuna. In ya warwatsu daga dunduniyar sanda zuwa bakinta, to, mai kwarmin baya ce abokiyar tafiyarsa, ko da kuwa ta ƙira zai saya. Lambar rangwamen da ake ba ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa, wadda ake kira handikaf, ita ma ma'auni ce. A tsarin da duniya ta koma kansa a 2020 tana kaiwa har 54, kuma a ganina duk wanda tasa ba ta sauko ƙasa da goma ba, babu abin da ya haɗa shi da siririyar sanda mai cikakken baya sai neman suna.

Daga kai sai ƙota, wadda yawancin masu saye ba sa ko kallo, alhali ita ce rabin sanda. Ta ƙarfe takan kai giram 95 zuwa 130, ta girafayit kuwa ta fi sauƙin nauyi. Akan rubuta harafin R ga mai matsakaicin lanƙwasa, harafin S ga mai tauri. Samarinmu da yawa S suke zaɓa don kada a ce ba su da ƙarfi, sai ƙwallo ta riƙa tashi ƙasa-ƙasa tana karkata dama, su yi ta zargin kansu. Saurin lilon hannu ne yake yanke wannan hukunci, kuma malamin wasa na fili zai iya dubawa cikin 'yan mintoci. A duba kuma zaman gindin sanda a ƙasa lokacin bugu. In bakinta ya ɗaga sama, ƙwallon na-dama takan yi hagu, in dunduniya ce ta ɗaga takan yi dama. A ja miƙaƙƙen layi da alƙalamin tawada a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin yana tsaye yana fuskantar sanda, a buga, shatar da ta fito a fuska za ta nuna ko zaman daidai ne. A kula da kaurin mariƙi ma, gama mai dogayen yatsu da mai gajeru ba sa riƙe abu ɗaya.

Akwai wata dabarar 'yan kasuwa da ya kamata a sani. Lambar da ke gindin sanda tana nuna kwanciyar fuskarta ne: ƙaramar lamba fuska a tsaye, ƙwallo ta yi nisa, babbar lamba fuska a kwance, ƙwallo ta yi sama ta sauka kusa. A da mai lamba 7 takan kwanta wajen digiri 34 ko 35. Yanzu wasu kamfanoni sun tayar da ita zuwa 30 ko ƙasa da haka, suka bar lambar yadda take. Sai mai talla ya miƙa maka ya ce gwada ka ga nisa, ka buga ta wuce taka da taku goma sha biyar, ka ɗauka ƙarfen ne mai albarka, nan kuwa mai lamba 6 ce aka sauya wa suna. Sandar ƙarfe aikinta ta kai ƙwallo nisan da aka sani, ta tsayar da ita a can. A nemi wadda bugu goma za su sauka kusa da juna, a bar wadda ɗaya zai yi fice tara su ɓace.

Abu na biyu ƙasa. Manomin fadama da na jigawa ba sa sayen fartanya iri ɗaya. Sandunan nan a ƙasashe masu laima aka tsara su, inda ciyawa take da taushi kamar darduma. Filayen Arewa kuwa, da yawansu sun shafe shekaru ana buga ramukansu a kan yashi da aka cakuɗa da baƙin mai saboda ƙarancin ruwa, kuma ko inda aka shuka ciyawa, da hunturu ya kama ƙasa takan bushe ta yi tauri, ga tsakuwa, ga marmara. A irin wannan ƙasa sanda mai faffaɗan gindi takan yi tsalle ta bugi ƙwallo a ciki, saboda haka matsakaicin gindi ya fi dacewa. Amma kuma ƙasar nan ita ce take cin ƙarfe mai laushi: tsakuwa ta lotsa bakinsa, yashi ya side layukan fuska, shafen ƙyalli ya goge, damina ta zo tsatsa ta kama. Ƙirarriyar sanda kuma wuyanta yakan sauya zama da kansa in ana yawan sara a ƙasa mai tauri, sai an riƙa kai ta ana aunawa, ko sau ɗaya a shekara. Wanda ba shi da halin wannan kulawa, na zubi zai fi yi masa ƙarko.

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne aljihu. Sabon jerin ƙirarrun sanduna bakwai daga manyan kamfanoni yana haura dala 1,000. A canjin da aka yi ta yi cikin 2025, na wajen naira 1,500 kowace dala, kuɗin ya zarce naira miliyan ɗaya da rabi, ban da dako da kuɗin fito. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, watau farashin ya fi albashin wata 21 na ƙaramin ma'aikaci. Sabon ɗauka mai digiri ya fi haka samu, amma ba da ratar da za ta sa kuɗin ya zama wasa ba. Ina zai samo su? Ko dai ya ci bashin da zai shaƙe shi shekara guda, ko kuwa ya soma kallon takardun da ke kan teburinsa da wani ido. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Ma'aikata da dama ba yunwa ce ta fara karkatar da su ba, son a gan su daidai da manya ne, kuma filin golf wuri ne da ƙaramin jami'i yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da babban sakatare da ɗan kwangila, jakarsa tana kusa da tasu.

Ɗan arewacin Zamfara kuma yana da wani lissafin da abokan wasansa ba su da shi. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, gonaki da yawa sun gagari masu su, gidaje da yawa sun sayar da hatsi da dabbobi don fanso nasu. Wanda Allah ya ba albashi a cikin irin wannan dangi shi ne rumbun da ake dubawa. Ban ce ya haramta wa kansa motsa jiki da nishaɗi ba, domin jiki da jini yana bukatar hutu. Amma ya zama ran da aka bugo masa waya daga gida da dare, kada ya kalli jakar da ke jingine a kusurwar ɗaki ya ji kunya.

Hanyar tsira a buɗe take. Dokar wasa ta ƙayyade sanduna 14 a jaka tun 1938 a Amurka da 1939 a Birtaniya, amma ba ta ce dole a cika su ba. Daga mai lamba 5 zuwa 9, da ta ɗaga ƙwallo kusa da rami, guda shida ke nan, sun ishi mai tasowa, gama masu lamba 3 da 4 sai gwani yake iya tayar da ƙwallo da su. Na hannu kuma ba abin kunya ba ne. Kan sanda ba inji ba ne da zai tsufa cikin shekara biyar, kuma a kowane fili akwai masu sayar da nasu da rabin kuɗi ko ƙasa da haka don sun hango sabon yayi. Sai dai a duba layukan fuska ko sun side, a duba wuya ko ya tsage, a duba ƙota ko tsatsa ta ci ta. A yi hattara da jabu kuma, domin akwai masu zuba ƙarfen banza su buga masa sunan babban kamfani da tambarin ƙira. In farashin sabo ya faɗi warwas, a tuna araha ba ta ado. A sayi kaya inda za a iya gwadawa a kuma mayar, a tafi da malamin wasa ko tsohon mai ɗaukar jaka, waɗanda hannunsu ya san nauyin na gaske.

Wasu za su ce ai sanda mai wuya ita take koya wa mutum, tun da tana hukunta kowane kuskure. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, amma ga wanda yake da sa'o'i kullum a filin koyo. Ma'aikacin da Asabar kaɗai yake samu, hukuncin zai fi darasin yawa, ƙarshenta ya ƙosa ya jingine wasan. Mai son wannan horo ya sayi tsohuwar siririya guda ɗaya ya riƙa motsa hannu da ita, ya shiga gasa da masu yafiya. Ragowar kuɗin kuma ya biya malami, domin darasi goma sun fi sabon ƙarfe rage bugu. Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji, wanda ya ci gasar Nijeriya a Legas a 1988 da 1989 kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004, da yawan atisaye ya yi suna. Yaran da suke ɗaukar jaka a Kaduna da Jos su ma hujja ne: sau nawa ɗayansu yake aron tsohuwar sanda guda ya buga abin da maigidansa mai kayan miliyoyi bai taɓa bugawa ba?

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka auna hannunka ka ga ya kai, ka duba ƙasar filinku ka ga za ka iya kula da ƙarfe mai laushi, ka lissafa kuɗin ka ga daga guminka suke ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba, to, sayi ƙirarru masu kwarmin baya, a daidaita maka su, ka more su shekara goma. In ɗaya daga cikin ukun bai cika ba, riƙe na hannunka, sannu ba ta hana zuwa. Ran da ka je gida kuma ka ratsa ta maƙera ka gai da Sarkin Maƙera da mutanensa, domin sana'ar da kake shirin biyan dala dubu saboda ita a Japan, ita ce suke yi a bakin kasuwar garinku tun kafin a haifi kakanka. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, amin.